Enzayim p38 Ɗan Aure: Yadda Ake Ƙera Shi da Iyakar Abin da Yake Nuna wa Mai Bincike

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin bayani a kan wani enzayim da ake kira p38, wanda a yau kamfanoni ke sayar da shi cikin 'yan ƙananan kwalabe ga masu bincike a ɗakunan gwaje-gwaje. Za mu duba aikinsa a cikin jiki, da yadda ake sa bakteriya su ƙera shi, sa'an nan mu tsaya a kan al'amarin da muke ganin ya fi sauran muhimmanci, watau cewa enzayim ɗin da ke cikin kwalba yana iya kasancewa a farke, yana kuma iya kasancewa yana barci. Mai binciken da bai san wanne ne a hannunsa ba, to, sakamakonsa ba abin dogara ba ne, komai kyan na'urorinsa.

Ya kamata tun da farko mu daidaita kan kalmomi uku. Idan muka ce "ƙwayar halitta" muna nufin ɗan ƙaramin ɗakin nan mai rai wanda daga irinsa aka gina jikin kowane mai rai. Idan muka ce "ƙwayar gado" muna nufin yankin DNA da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Kalmar "ɗan aure" kuwa daga bakin masu lambu muka aro ta. Kamar yadda ake yanko reshen mangwaro mai zaƙi a ɗaura shi a jikin wani mai ƙarfin saiwa, haka ake yanko ƙwayar gado ta ɗan Adam a ɗaura ta cikin DNA na wata halitta dabam. Furotin da aka samu ta wannan hanya shi ne muke kira ɗan aure.

2.0 Mene ne Kinas?

Enzayim ɗin da ɗalibai suka fi sani shi ne na cikin yawu, wanda ke narkar da sitaci, domin da shi ake fara koyar da wannan darasi a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai. Wannan ya sa da yawa suke ɗauka cewa aikin enzayim duka narkar da abinci ne. Akwai wani babban dangi na enzayim da ake kira kinas, waɗanda aikinsu isar da saƙo ne. Kinas yakan kama sinadarin ATP, wanda ke ɗauke da fosfet uku a jere, ya cire na ƙarshen ya liƙa shi a jikin wani furotin, a kan ɗaya daga cikin amino asid uku, watau serin ko tironin ko tairosin. Da yake fosfet yana ɗauke da cajin lantarki, shigarsa takan canza siffar furotin ɗin, ta kunna shi ko ta kashe shi. Akwai kuma wani dangin, fosfatas, da ke cire fosfet ɗin, al'amari ya koma yadda yake.

Edmond Fischer da Edwin Krebs na Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka su ne suka fara bayyana wannan tsari a 1955, sa'ad da suke nazarin yadda tsoka ke warware sukarin da ta ajiye. An ba su lambar Nobel a 1992. A shekarar 2002, bayan an karanta jerin DNA na ɗan Adam, Gerard Manning da abokan aikinsa suka ƙidaya ƙwayoyin gado 518 masu ƙera kinas. p38 ɗaya ne daga cikinsu.

3.0 Gano p38 da Aikinsa

A 1993 masu bincike a Jami'ar Rice da ke Teksas suka gano wani kinas a cikin yisti, mai suna HOG1, wanda ke taimaka wa yistin ya jure idan gishiri ko sukari ya yi yawa a ruwan da yake zaune. Shekara guda bayan haka, a 1994, ƙungiyoyi huɗu da ba tare suke aiki ba suka ci karo da takwaransa a jikin dabbobi masu shayarwa, kowace ta tata hanyar. Jiahuai Han da Richard Ulevitch na Cibiyar Scripps a Kalifoniya sun same shi ne a cikin ƙwayoyin halittar ɓera da aka zuba wa gubar da ke jikin bangon bakteriya, suka kuma nuna cewa idan aka sa shi cikin yistin da ba shi da HOG1, yakan maye gurbinsa. John Lee da Peter Young na kamfanin SmithKline Beecham sun biyo ta wata fuskar: suna da wasu sinadarai da ke hana kumburi, ba su san abin da sinadaran ke kamawa ba, da suka bi sawu sai suka tarar da wannan furotin. Sauran ƙungiyoyin biyu a Birtaniya suke, ɗaya tana da alaka da ɗakin binciken Philip Cohen a Dundee, ɗayar kuwa ta Jeremy Saklatvala ce.

Sunan ya samo asali ne daga nauyin da aka ƙiyasta masa a gwajin farko, watau kilodalton 38. Lissafi daga amino asid 360 da ke jikinsa ya nuna nauyin ya kusa 41, amma suna ya riga ya bi shi. Daga baya an gano cewa su huɗu ne 'yan gida ɗaya: alfa da beta da gama da delta. Alfa ne ya fi yaɗuwa cikin sassan jiki, shi aka fi nazari, kuma shi muke nufi a duk inda muka ce p38 ba tare da ƙarin bayani ba. Ƙwayar gadonsa ana kiranta MAPK14, tana kan kuromosom na 6.

Abubuwan da ke tayar da shi su ne waɗanda ke jefa ƙwayar halitta cikin matsi: zafi mai tsanani, da hasken rana mai ƙuna, da yawan gishiri, da gubar bakteriya, da sinadaran kumburi irin su TNF da IL-1. Saƙon ba ya isa gare shi kai tsaye. Yakan bi matakai uku, kamar yadda umarni kan taso daga hakimi ya bi ta kan dagaci kafin ya isa ga mai unguwa. Kinas na sama, kamar TAK1 ko ASK1, shi ke kunna na tsakiya, watau MKK3 ko MKK6, su kuma su kunna p38 ta hanyar liƙa masa fosfet biyu, ɗaya a kan tironin mai lamba 180, ɗaya a kan tairosin mai lamba 182. Muna roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi biyu, domin a kansu sauran bayanin zai rataya. Da zarar p38 ya farka, sai ya shiga liƙa fosfet a jikin wasu furotin, daga cikinsu akwai ATF2 mai buɗe ƙwayoyin gado, da MK2 wanda ke sa ƙwayar halitta ta ƙara fitar da TNF. Ta nan ne p38 ya zama jigo a sha'anin kumburi. Girman matsayinsa ya ƙara fitowa fili a 2000, sa'ad da aka ga cewa ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon alfa sukan mutu tun suna ciki, saboda mabiyiyarsu ba ta ginuwa daidai.

4.0 Yadda Ake Ƙera Ɗan Aure

Mai bincike yana bukatar p38 tsantsa, mai yawa, kuma iri ɗaya yau da gobe. Tatso shi daga naman dabba ba ya biyan wannan bukata, domin kaɗan ne a ciki, a cakuɗe yake da dubban furotin, kuma wani a farke wani yana barci. Hanyar da ta warware matsalar ta taso ne daga aikin Paul Berg a 1972, da na Stanley Cohen da Herbert Boyer a 1973, waɗanda suka nuna ana iya haɗa DNA na halittu biyu a sa shi cikin bakteriya ya hayayyafa. Da wannan dabara aka ƙera insulin ɗin ɗan Adam a 1978, aka kuma amince da shi a matsayin magani a 1982.

Ba a ɗaukar ƙwayar gadon p38 yadda take a kuromosom, domin a tsakiyarta akwai dogayen yankuna da ƙwayar halittar mutum kan yanke ta zubar, abin da bakteriya ba ta iya yi. Kwafen da aka riga aka tace ake ɗauka, mai haruffa 1,080, uku ga kowane amino asid. Sai a ɗinka shi cikin wani ɗan zoben DNA da ake kira falasmid, a cusa zoben cikin bakteriyar E. coli. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne wanda William Studier da Barbara Moffatt suka bayyana a 1986 a ɗakin bincike na Brookhaven. A cikinsa ƙwayar gadon takan zauna a kulle har bakteriya su yi yawa, alhali kuwa a yanayi mai kyau suna ninka kansu cikin minti 20. Daga nan sai a zuba sinadarin IPTG, wanda ke buɗe makullin. Galibi akan rage zafin romon daga digiri 37 zuwa wajen 20, domin furotin ya samu sukunin naɗuwa yadda ya kamata maimakon ya dunƙule ya zama gudaji marar amfani.

Saura rarrabe shi daga furotin ɗin bakteriyar kanta. Dabarar ita ce a ɗaura masa wata alama tun a cikin falasmid, wadda za a kama shi da ita. Wata alamar histidin shida ce a jere, masu manne wa ƙarfen nikel. Wata kuwa furotin ne sukutum mai suna GST, wanda Donald Smith da Kevin Johnson suka gabatar a 1988. Abin sha'awa, daga jikin tsutsar Schistosoma japonicum aka samo shi, 'yar uwar wadda ke haddasa tsargiya a ƙasashenmu. Ana fasa bakteriyar, a tace, a bi da ruwan ta cikin bututu mai cike da ƙananan duwatsu masu kama alamar, a wanke sauran tarkace, sa'an nan a saki p38 shi kaɗai. Litar romo guda tana iya ba da miligiram da dama. Sai dai GST ba ƙaramin kaya ba ne, nauyinsa kilodalton 26, saboda haka p38 mai ɗauke da shi yakan bayyana a wajen 67 idan aka auna, kuma GST yana da halin haɗuwa bibbiyu, ya jawo p38 biyu kusa da juna. Don haka a aikin da ke bukatar natsuwa akan yanke alamar bayan an gama tacewa.

Wasu kamfanoni kan ƙera kinas a cikin ƙwayoyin halittar ƙwari da ake kira Sf9 maimakon bakteriya. Asalinsu daga Spodoptera frugiperda ne, watau tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a Afirka ta Yamma a 2016. Amma p38 ba ya wahalar da E. coli, shi ya sa aka fi ƙera shi a can.

5.0 Barci da Farkawa

A nan ne gizo ke saƙa. E. coli ba ta da MKK3 ko MKK6, ba ta kuma da wani abu mai kama da su. Ke nan p38 ɗin da ta ƙera yakan fito cikakke, a naɗe daidai, amma babu fosfet a 180 da 182. Wanda ya zuba shi cikin kwalbar gwaji tare da ATP yana jiran aiki, abin da zai gani ɗan kaɗan ne ƙwarai. Domin a tashe shi, dole a ƙera MKK6 ɗan aure shi ma. Shi kuma MKK6 yana bukatar wanda zai tashe shi, to, maimakon a yi ta hawa tsani har sama, sai aka yi masa dabara: aka musanya amino asid biyu da fosfet kan zauna a kansu, masu lamba 207 da 211, da wasu masu cajin lantarki irin na fosfet, ya zama kullum a farke yake. Ana gauraya shi da p38 da ATP da maganiziyam na ɗan lokaci, sa'an nan a sake tacewa a fitar da shi.

Wannan mataki ba kullum yake cika ba. Kwalba guda tana iya ƙunsar p38 mai fosfet biyu, da mai guda a tironin, da mai guda a tairosin, da wanda ba shi da ko ɗaya. Bincike ya nuna cewa mai fosfet a tironin kaɗai yana aiki amma da rauni, mai shi a tairosin kaɗai kuwa kusan daidai yake da mai barci. Saboda haka kwalabe biyu masu nauyin furotin ɗaya suna iya bambanta sosai wajen ƙarfi. Wannan ne ya sa a ganinmu rubutun "tsantsa kashi 95 cikin ɗari" a takardar kamfani bai wadatar ba, tun da tsabtar furotin kawai yake nunawa. Abin da ya kamata mai saye ya nema shi ne ƙarfin aiki ga kowane miligiram na wannan rukunin da aka aiko masa. Ma'aunin da ɗakunan bincike da yawa ke bi shi ne adadin enzayim da zai liƙa nanomol guda na fosfet cikin minti guda a digiri 30. Ma'aunin ba ya da ma'ana sai an faɗi furotin da aka liƙa wa fosfet ɗin da yawan ATP da aka zuba, domin p38 ba ya yi wa ATF2 da MK2 aiki da sauri ɗaya.

Kada a ɗauka mai barcin ba shi da amfani. Da shi aka fara ganin siffar p38 ta hanyar hasken eksire, a kamfanin Vertex a 1996, da ɗakin binciken Elizabeth Goldsmith a Dalas a 1997. Shi ne kuma abin da mai nazarin MKK6 yake bukata. Kowanne da gurbinsa, illar ita ce a sa wannan a gurbin wancan.

Hanyar auna aikinsa ta asali ita ce a yi amfani da ATP wanda fosfet ɗinsa na ƙarshe ke fitar da tururin nukiliya, watau fosfaras 32, a ɗiga cakuɗen a kan takarda mai kama furotin, a wanke, a ƙidaya tururin da ya rage. Rabin ƙarfin fosfaras 32 yakan tafi cikin kwana 14, kuma riƙe shi sai da izini. Yanzu an fi karkata ga hanyoyin da ke auna ADP ɗin da ya saura bayan an cire fosfet, ta amfani da enzayim mai ba da haske da aka samo daga ƙwaron nan mai walƙiya da dare. Game da ajiya kuwa, a digiri 70 zuwa 80 ƙasa da sifiri ake ajiye shi, cikin ruwa mai gilisarin, a rarrabe cikin ƙananan kwalabe, domin kowace narkewa da sake daskarewa tana rage masa ƙarfi. Duk ɗakin binciken da wutarsa ke yankewa ya kamata ya sake auna ƙarfin enzayim ɗinsa a ranar da zai yi aiki da shi.

6.0 Abin da Kwalba ta Nuna da Abin da ta Ɓoye

Babbar fa'idar ɗan aure ita ce mai bincike yana iya canza amino asid guda ya ga abin da zai faru. Misali mafi kyau shi ne na sinadarin SB203580, ɗaya daga cikin na SmithKline Beecham. An lura yana toshe alfa da beta, amma ba ya taɓa gama da delta. A 1998 aka nuna dalili. A bakin ramin da ATP ke shiga, alfa yana da tironin a lamba 106, wanda ƙarami ne, ya bar wani ɗan lungu da sinadarin ke maƙalewa. Gama da delta suna da metiyonin a wurin, wanda ya fi girma, ya toshe lungun. Da aka sa wa alfa metiyonin sai sinadarin ya daina kama shi, da aka sa wa gama tironin sai ya fara kamuwa. Ba a iya yin irin wannan gwaji da enzayim da aka tatso daga nama.

Wannan sinadari ya kuma nuna muhimmancin abin da muka faɗa a kashi na biyar. p38 mai barci ba ya riƙe ATP da ƙarfi, amma SB203580 yana kama mai barci da na farke kusan daidai. Ke nan a kan na farke yana kokawa da ATP, a kan mai barci kuwa fili ya samu. Lambar ƙarfin da za a samu a gwaji ta danganta ga wanne aka zuba a kwalba, da kuma yawan ATP, tun da a kwalba akan sa ɗan kaɗan ne, alhali a cikin ƙwayar halitta ya ninka haka sau goma ko ɗari. Wani sinadarin, BIRB 796 na kamfanin Boehringer Ingelheim da aka bayyana a 2002, sai ya tilasta wa enzayim ya canza siffa kafin ya zauna, don haka a hankali yake kamawa. Wanda ya auna shi nan take ba tare da ya bar su sun jima tare ba, zai raina ƙarfinsa.

Da irin waɗannan gwaje-gwaje kamfanoni suka samo sinadarai masu toshe p38 da ƙarfin gaske, aka sa ran za a samu ƙwayar sha da za ta magance amosanin gaɓɓai. A 2009 aka buga sakamakon gwajin biyu daga cikinsu a jikin majiyyata, watau pamapimod da VX-702. Alamar kumburi a cikin jini ta sauka a makonnin farko, sa'an nan ta sake hawa alhali ana ci gaba da shan maganin, kuma sauƙin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Losmapimod na GlaxoSmithKline an gwada shi a kan mutum wajen 3,500 da suka sami bugun zuciya, sakamakon 2016 bai nuna wani amfani ba. An sake gwada shi a kan wata cutar shanyewar tsoka ta gado, nan ma ya gaza a 2024.

Ba ƙarya kwalbar ta yi ba, sinadaran suna toshe p38 kamar yadda ta nuna. Abin da babu a cikinta shi ne sauran 'yan gidan. A cikin ƙwayar halitta p38 yana hura kumburi, yana kuma taka masa burki. Ɗakin binciken Cohen ya nuna a 2003 cewa p38 yakan juyo ya liƙa fosfet a jikin TAB1, abokin TAK1, ya rage ƙarfin saƙon da ke saukowa daga sama. Idan aka toshe p38, wannan burki ya tafi, sai TAK1 ya ƙara tura saƙo ta wasu hanyoyin da su ma kumburi suke haifarwa. Har ila yau ta hannun p38 ake samun IL-10, sinadarin da ke kwantar da kumburi. Masana da yawa suna ganin waɗannan na daga cikin dalilan da suka sa tasirin magungunan bai ɗore ba, mu ma ra'ayin da muka fi karkata gare shi ke nan.

Wannan ya sa wasu suka sauya tsarin gwajin kansa. Maimakon p38 shi kaɗai, sai suka zuba shi tare da MK2 ɗan aure, suka nemi sinadarin da zai kama su a haɗe, ya hana p38 kunna MK2 amma ya bar shi ya ci gaba da sauran ayyukansa. Irin wannan sinadari shi ne zunsemetinib na kamfanin Aclaris. An kai shi gwaji a kan masu amosanin gaɓɓai, a watan Nuwamba na 2023 kamfanin ya sanar cewa bai fi maganin wofi da aka kwatanta shi da shi ba, aka dakatar da aikin a kan wannan cuta. Ya zuwa ƙarshen 2024 babu wani magani da aka ƙera musamman domin toshe p38 alfa da ya sami amincewar hukumar abinci da magunguna ta Amurka.